Darasi na 9: Yi wa Tsohon Kwamin Kifi Magudana da Injin Jan Ruwa

Gidaje da yawa suna da kwamin siminti a tsakar gida ko a lambu, wani na kiwon tarwaɗa, wani na ado. Tsofaffin cikinsu galibi an gina su ba mafitar ruwa. Ranar canjin ruwa sai a tara yara da bokitai, a yi ta kwarfa har baya ya riƙe. In an gaji a ce sai gobe, gobe ta koma jibi, ruwa ya yi kore ya fara wari, kifi ya taso sama yana haki. Ba sai an rushe kwamin ba. Huda shi za a yi.

Fara da awo

Ku auna tsawo da faɗi da zurfin ruwa da mita, ku ninka su. Kwami mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin mita 1, lissafinsa 3 x 2 x 1 = 6. Kowane 1 a nan lita 1,000 ne, wato kwamin yana cin lita 6,000, daidai da jarka 240 mai lita 25. Ku rubuta wannan adadi a takarda, za ku buƙace shi a shagon mai sayar da inji.

Ku kwashe kifin zuwa duro ko baho a inuwa. Da ruwa ya kusa ƙarewa, ku duba inda ragowar take taruwa. Nan ne gangaren kwamin, kuma ta nan za a huda.

Hudawa da ɗinkewa

Ku huda jikin bango daidai da daɓe. Ya fi fasa daɓen sauƙi, kuma in an sami yoyo ana ganinsa daga waje. Birkila ya yi aiki da kurfi da guduma, sara kaɗan-kaɗan. Mai gaggawa yakan tsaga bango har sama, gyara ya zama ɓarna. Ramin ya fi bututun faɗi da kamar yatsa biyu ta kowane gefe. Bututun roba mai inci 2 ya isa kwami irin na misalinmu. Kada a ruɗe ku da arahar mai inci 1, kashin kifi da ragowar abinci za su toshe shi.

Yanzu ga inda aikin yake lalacewa a hannun mutane da yawa. Roba da siminti ba sa ga maciji. Jikin bututu sumul yake, siminti ba ya kama shi, sai ruwa ya sami hanya ya riƙa tsiyaya ta gefe. Maganin abin shi ne a goge wurin da samfefa, a shafa gam ɗin bututu, a barbaɗa yashi a kai tun gam bai bushe ba. In ya bushe jikin zai yi kaushi, siminti ya sami abin riƙewa. Sannan a wanke ramin, a jiƙa shi, a kwaɓa siminti kwano 1 da yashi mai kyau kwano 2, da garin hana yoyo in akwai. A cusa kwaɓin ta ciki da ta waje, a danna sosai da cokali, kada a bar kogo. Ku tsaya a kan birkila a wannan gaɓa, ko da zai ce kun cika sa ido.

In daɓen ba shi da gangare, a kankare gansakuka, a sassare fuskarsa, a zuba sabon shafe mai gangaren santimita 2 a kowace mita zuwa bakin bututu. A sa raga a bakin don ƙananan kifi. Ta waje kuma a raba bututun gida biyu, kowane reshe da makullinsa: ɗaya na zubarwa, ɗaya na inji. Reshen zubarwa ku kai shi lambu, domin alayyafo da kuɓewa suna son ruwan kifi. Wanda ya sake shi a lungu ya sayi sauro da rigimar maƙwabta.

Haƙurin mako biyu

A riƙa yi wa sabon siminti bayi safe da yamma har kwana 7. Daga nan a cika kwamin, a yi alama a bango daidai bakin ruwa, a duba washegari. Rana takan sha ɗan kaɗan, amma in bangon waje ya jiƙe a gindin bututu, yoyo ne. Ko babu yoyo kada ku mayar da kifi tukuna. Sabon siminti yana sakin wani kaifi a ruwa mai kashe kifi. Ruwan ya kwana 3, a zubar, a sake cikawa, a maimaita sau 2 ko 3. Ku fara gwadawa da kifi biyu ko uku.

Injin

Akwai injin da ake jefawa cikin ruwa, akwai mai zama a waje. Na wajen muke nufi. Ana gyara shi ba tare da an shiga ruwa ba, kuma wayarsa tana nesa da kifi. Aikinsa shi ne abin da gangare ba zai yi ba: tura ruwa sama zuwa tanki, ko bi da shi ta duro mai tsakuwa ya tace, ya zubo cikin kwami daga bisa yana shigar da iska.

Ku karanta ƙarfen da ke manne a jikinsa. In an rubuta lita 30 a minti, lita 6,000 za ta ci minti 200, wato awa 3 da minti 20. Ku gaya wa mai shago ruwan kifi ne, saboda ƙananan injunan ruwan sha datti yana cije su. A sa matatar ruwa tsakanin kwami da inji.

A ɗora shi a kan dakali, ƙasa da bakin ruwan kwami, don ruwa ya gangaro masa da kansa. In ya fi ruwa tudu, sai an cire murfin da ke samansa an ɗura masa ruwa kafin a kunna. Inji ya yi ta gudu ba ruwa, ƙonewa zai yi. In yana ƙara amma ba ya turowa, ku kashe, ku duba mahaɗan bututu, yawanci iska yake sha. A yi masa ƴar rumfa mai shan iska. Haɗa waya kuma aikin mai gyaran wuta ne, ya sa wayar ƙasa da abin katse wuta. Kada kowa ya taɓa inji da jiƙaƙƙen hannu.

Aikin gida

1. Kwami mai tsawon mita 4, faɗin mita 2, zurfin mita 1, lita nawa yake ci? Jarka nawa ke nan?
2. Me ya sa ake barbaɗa yashi a jikin bututu?
3. Ku auna wani kwami a unguwarku, ku kawo lissafinsa aji mako mai zuwa.