Yadda ake gabatar da gajeren jawabi don kwaɗaitar da matasa karatun littafi

Duk wanda aka ba minti biyar a taron safe na makarantar sakandare, ko bayan an tashi daga Islamiyya, domin ya ja hankalin matasa zuwa ga karatu, ya kamata ya tsai da shawara tun daga gida cewa a kan littafi ɗaya tak zai yi magana. Doguwar nasiha game da muhimmancin karatu ba ta cika sa yaro ya nemi littafi ba, domin ya sha jin irinta, kuma ya san inda za ta ƙare tun kafin a buɗe baki.

Ka zaɓi littafin da ka karanta daga farko har ƙarshe kuma ya burge ka, ka zo da shi a hannu domin a ga bangonsa. Kada ka ɓata lokaci a kan tarihin marubuci. Ka shiga kai tsaye cikin halin da jarumin labarin ya tsinci kansa. Idan Magana Jari Ce na Abubakar Imam ka ɗauko, ya isa ka ce sarki ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, waziri yana ƙulla masa makirci, aku kuma yana ta kawo labari bayan labari domin ya hana yaron fita daga fada. Daga nan sai ka karanta sakin layi ɗaya ko biyu da murya, a tsanake, kana sauya murya idan mai magana ya sauya, sannan ka rufe littafin daidai inda kowa ya ƙagu ya ji abin da zai biyo baya. Wannan tsayawar ita ce ta fi wuya, domin mai son labari yakan so ya ƙarasa shi, amma idan ka ƙarasa, ka cire musu dalilin neman littafin.

Ka guji kushe wayar hannu ko littattafan soyayya da 'yan mata da yawa suka fara karatu da su. A ganina, wanda ya saba zama da shafi, ko a takarda ko a waya, ya fi sauƙin jawowa zuwa wani littafin, kuma gori ba ya haifar da komai sai ƙin mai maganar.

Kafin ka sauka, ka faɗi inda za a sami littafin: ɗakin karatun makaranta, ko wurin wane malami, ko kuɗinsa a kasuwa. Idan kwafi ɗaya ne, a buɗe rajistar aro nan take, kowa ya riƙe shi mako ɗaya. Bayan makonni biyu ka dawo, ka ba ɗaya daga cikin waɗanda suka karanta minti biyun farko, ya gaya wa 'yan ajinsu labarin da ya fi kama masa zuciya.