Yadda Ake Bambance Malam Buɗe Littafi Masu Kama da Juna ta Zanen Fuka-fukansu

Mu Hausawa suna ɗaya muka ba su duka: malam buɗe littafi. Fari ne, rawaya ne, mai ruwan goro ne, duk malam ne. Alhali a Nijeriya kaɗai akwai irinsu sama da 1,000, kuma ko a nan arewa da ba mu da kurmi, fadama ɗaya a ƙarshen damina za ta nuna maka iri-iri kafin rana ta take. Matsalar ita ce da yawansu suna kama da juna, wasu ma kamar an tsaga kara. Kama da wane kuwa ba wane ba ce. Abin da na koya bayan na sha kuskure shi ne launi yana ruɗin ido. Ɗigo da baƙin gefen fiffike da siffar bakinsa su ne shaidun da ba sa ƙarya.

Mataki na farko, ka samu ya zauna. Ba a tantance malam yana sama. Ka fita da hantsi, tsakanin ƙarfe takwas zuwa goma, lokacin da yake shanya fuka-fukansa a rana don jikinsa ya yi ɗumi. Watannin Satumba da Oktoba sun fi albarka. Ka nemi wurin furanni, ko bakin rafi, ko mashayar shanu inda ƙasa ke da danshi, domin mazansu kan taru a can suna tsotsar gishirin ƙasa. Ka matso a hankali, kada inuwarka ta faɗa kansa. Wayar hannunka ta isa. Hoto biyu kake bukata: ɗaya ya buɗe littafin, ɗaya ya rufe. Na biyun mutane ke rainawa, ga shi kuwa sau da yawa amsar tana bayan fiffike. Kada ka kama shi da yatsu. Ƙurar nan da ke manne maka a hannu ita ce zanen da kake son karantawa.

Na biyu, ka tabbata malam ne ba faɗa-wuta ba. Dubi 'yan ƙahonin nan biyu na kansa. Na malam siriri ne mai ɗan kulki a ƙarshe. Na faɗa-wuta kamar zare yake ko kamar gashin tsuntsu.

Na uku, ka san sassan littafin. Fiffike huɗu ne, biyu na gaba, biyu na baya. A kowanne ka saba wa idonka duba wurare huɗu bi da bi: tsinin fiffiken gaba, baƙin layin da ya zagaye gefe, tsakiyar fiffike inda jijiyoyi suka kewaye wani ɗan fili kamar ɗaki, sai gindin fiffike kusa da jiki. In ka riƙe wannan tsari, ka daina cewa "wani ja-ja na gani", ka koma cewa "ɗigo uku a tsakiyar na baya, baƙin gefe siriri".

Na huɗu shi ne ƙirga ɗigo, kuma a nan zan daɗe, domin a nan darasin yake.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tumfafiya ya ga wani malam mai ruwan goro, tsinin fiffikensa baƙi da farin zane a gicciye, yana tafiya a sama sannu-sannu kamar mai sarauta. Masana suna kiransa Danaus chrysippus, sunan da Linnaeus, wani masanin halittu ɗan Sweden, ya sa masa a 1758. Ni na tumfafiya nake ce masa. Faɗinsa in ya buɗe ya kai santimita 7 zuwa 8. Tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci, mai zoben baƙi da fari da rawaya, da 'yan zare shida a bayanta, biyu-biyu a wuri uku. Dafin da ke cikin farin ruwan tumfafiya yana taruwa a jikinta har ta zama malam. Tsuntsun da ya ci ɗaya ya yi amai ba ya sake kusantar mai wannan launi. Shi ya sa ba ya sauri. Wa zai taɓa shi?

To, akwai wata da ta ari rigarsa. Macen wani malam da masana ke kira Hypolimnas misippus ba ta dogara da dafin tumfafiya ba, tsutsarta harshen saniya take ci, wannan ciyawar mai kaurin ganye da ke shimfiɗe a bakin lambu. Amma ta yi shigar na tumfafiya tsaf, tsuntsaye suna ganinta suna kaucewa. Irin wannan kwaikwayo wani Bature ɗan Ingila, Henry Bates, ya fara yi masa bayani a 1862, bayan shekarun da ya yi a dajin Amazon. Mijinta kuwa ba ruwansa da wannan shiga: baƙi ne wuluk, da manyan fararen tabo masu siffar ƙwai, kowanne da zoben shuɗi mai ƙyalli in rana ta haske shi. Wanda bai sani ba sai ya rantse ba iri ɗaya ba ne.

Ga yadda za ka raba su. Dubi fiffiken baya ta sama. Na tumfafiya yana da ƙananan ɗigo baƙaƙe uku a tsakiya. In ka ga na huɗu, babba, ɗan ƙasa da sauran, namiji ne, kuma wannan ba ɗigo ba ne kawai, 'yar jaka ce da ke da alaƙa da ƙamshin da yake jawo mace da shi. Mai kwaikwayon kuwa tabo ɗaya ne babba ke fitowa sosai, can kusa da bakin gaba na fiffiken. Sai ka koma gefe: baƙin layin na tumfafiya siriri ne kuma bakin fiffiken kusan sumul yake, nata ya fi faɗi, bakin kuma yana da lanƙwasa-lanƙwasa kamar bakin faranti.

Akwai kuma wata alama da ta shafe mu musamman. Na tumfafiyan Afirka ta Yamma kusan dukkansu fiffikensu na baya fari ne, ruwan goron sai ɗan kaɗan a gefe, ba kamar na Indiya da hotunansu suka cika intanet ba. Matan mai kwaikwayon kuwa da yawa fiffikensu na baya ruwan goro ne gaba ɗaya. Saboda haka in kana Kano ko Maraɗi ka ga mai fiffiken baya ruwan goro zalla, fara zargin mai kwaikwayo. Amma kada ka tsaya nan, domin akwai masu farin su ma. Ƙirga ɗigon.

Wata shekara na yi kusan mako biyu ina ɗaukar hoton wata a lambun albasa da ke bayan gari, ina rubuta ta a matsayin na tumfafiya. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kullum a ƙasa-ƙasa nake ganinta, tana shawagi kan harshen saniya, ga tumfafiya nan birjik a gefen hanya ko kallo ba ta ishe ta ba. Ranar da na zauna na ja hoton ya girma, sai ga tabo ɗaya tilo yana kallona. Tun daga ranar nake haɗa shaidar fiffike da shaidar ciyawa: inda mace ke yawan sauka tana lanƙwasa ciki, nan ne abincin 'ya'yanta.

Akwai na uku mai kama da waɗannan biyun, ƙarami ne, Acraea encedon. Shi fuka-fukansa dogaye ne sirara, fiffiken baya kuma cike yake da ƙananan ɗige-ɗige baƙaƙe fiye da goma, kamar an yayyafa tawada. Da ka ga yawan ɗigon, magana ta ƙare.

Na biyar, bi baƙin gefe da ido, musamman ga farare da rawaya, waɗanda su ne suka fi yawa kuma suka fi gajiyar da mutum. 'Yan ƙananan rawayan nan da ke yawo ƙasa-ƙasa cikin ciyawa akwai iri biyu da aka fi gani. A Eurema hecabe, baƙin gefen fiffiken gaba yana da wani gurbi mai kusurwa, kamar an gutsure shi. A Eurema brigitta baƙin ya sauko a lanƙwashe ba tare da wannan gurbin ba. Cikin farare masu son anza da jiga, Belenois aurota yana da wani baƙin zane a fiffiken gaba da ya taso daga bakin sama ya lanƙwasa kamar sandar makiyayi, bayan fiffikensa kuma jijiyoyin an bi su da ruwan ƙasa. Ɗan'uwansa Belenois creona baƙin gefensa ya fi faɗi sosai, musamman a fiffiken baya. Babban fari mai sirkin kore da ke wucewa da gudu ta kan tafasa da rai-ɗore, mai ɗan ɗigo ɗaya kuma kusan babu baƙin gefe, wannan namijin Catopsilia florella ne. Macensa sau da yawa rawaya ce.

Na shida, rubuta wata da wuri a jikin kowane hoto, domin wasu suna canza riga da canjin yanayi. Precis octavia shi ne babban misali: na damina ja ne mai sirkin ruwan goro da baƙaƙen ɗigo, na rani kuwa shuɗi ne mai duhu. Sun bambanta har an daɗe ana ɗaukarsu iri biyu. Su ma 'yan rawayan nan, na rani bayan fiffikensu kan yi tabo-tabo masu ruwan ƙasa, don su saje da busasshen ganye. Sannan tsohon malam da ya sha iska da kaifin ciyawa launinsa kan koɗe, gefensa ya yage. Irin wannan kada ka yanke masa hukunci da hoto ɗaya.

Daga nan sai ka kai hotunanka gaban wasu idanu. Manhajar iNaturalist kyauta ce, kana ɗora hoto da wurin da ka ɗauka, masana da masu sha'awa su duba su gyara maka. Sunan da na'urar ta fara ba ka shawara ce kawai, ita ma mai kwaikwayon nan tana iya ruɗinta. Hotunan da ake ɗorawa daga yankinmu ba su kai na kudu da gabashin Afirka yawa ba, don haka naka yana da amfani ko da na malam ɗin da kake gani kullum ne.

Ka fara da tumfafiyar da ta fi kusa da gidanka. Juya ganyen a hankali ka nemi tsutsar mai zobe, amma ka kiyaye farin ruwan kada ya shiga idonka, kuma ka wanke hannu da sabulu in ka gama. In ka same ta, ka riƙa leƙawa. Za ta rataye kanta ta zama wani ɗan ƙunshi kore ko mai ruwan hoda, da ɗige-ɗige kamar na zinariya. Bayan kamar mako guda zuwa kwana goma malam zai fito, ya rataye yana jiran fuka-fukansa su bushe, ba ya iya tashi. A wannan sa'ar kana da lokacin ƙirga ɗigon a tsanake, uku ne ko huɗu.