Babi na Huɗu: Maganin Ƙwarin Gindin Shinkafa da Fumfuna

Darasi na ɗaya

Akwai wani ƙwaro mai launin ƙasa-ƙasa wanda bai kai ƙwayar shinkafa girma ba, yana tsalle idan an taɓa shi. Ba ya cin ganye. A gindin shinkafa yake zama, dab da ruwa, yana tsotse ruwan jikinta har ta bushe, sai a ga wurare a gona kamar wuta ta ci. Ku durƙusa, ku buɗe shinkafar da hannu, ku bubbuga gindinta, za ku gan su suna faɗawa kan ruwa.

Maganinsu a wannan babi fumfuna ce mai rai, wadda ake sayarwa kamar gari. Mai suna Metarhizium koriya ce, mai suna Beauveria kuma fara ce. Idan garin ya manne a jikin ƙwaro, sai ya tsiro, ya huda fatarsa, ya cinye shi daga ciki.

Darasi na biyu

Ku dama garin da ruwa mai tsabta gwargwadon awon da ke jikin leda, ku tace, sannan ku zuba a famfon feshi. Wanda karatu bai zauna masa ba tukuna ya nemi a karanta masa, wannan ba abin kunya ba ne.

Yanzu ku natsu. Ku cusa bakin famfon cikin shinkafar, ku fesa gindi. Gindi na ce, ba saman ganye ba. Fumfunar ba ta kashe ƙwaron da ba ta taɓa jikinsa ba, ƙwaron kuwa yana ƙasa. Idan kun gama layi ɗaya, ku shafa gindin. In a bushe yake, ku sake. Na sha ganin ɗalibai sun amsa mini da “to, Malam,” amma da sun shiga gona sai su riƙa watsa magani a sama don sauri, daga baya su ce ba ya aiki. Wannan ganganci ne da asarar kuɗi. A fesa gindi!

Darasi na uku

Ku yi feshi da la'asar sakaliya, domin hasken rana yana kashe fumfunar, danshin dare kuwa yana raya ta. Kada ku haɗa ta da maganin kashe fumfunar shuka, kuma ku wanke famfon tukuna. Ƙwarin ba sa mutuwa nan take, sai bayan kwanaki, wani lokaci har mako guda.

Darasi na huɗu

Ku ajiye sauran garin a inuwa mai sanyi. Ban da feshi, ku rage yawan takin yuriya a gonar shinkafar.