Yadda ake bulaguro da motar kwana alhali magina na aiki a gida

Idan aka yaye rufin gida, ƙura da hayaniya kan kori iyali, shi ya sa wasu magidanta ke kwashe yara su tafi ganin dangi a Damagaram ko Ƙonni har aikin ya lafa. Motar kwana irin ta Turawa mai madafa da makewayi a ciki ba kasafai ake ganinta a Maradi ba. Tamu Hiace ce: a cire kujerun baya, a shimfiɗa katifa.

Da farko, ginin ne zai zaɓa maka ranar tashi. In akwai zuba dal, wato rufin kankare, a cikin aikin, kada ka motsa sai an zuba a gabanka. Duba ƙarfen kafin a rufe shi, ka ƙirga buhunan siminti da bakinka. Sannan ban ruwa, inda sababbin shiga suka fi faɗuwa. Dal na son ruwa safe da yamma, kwana 7 aƙalla, kuma siminti ba ya cika ƙarfinsa sai kwana 28. Na sha ganin wanda aka zuba masa da hantsi, la'asar na yi ya ɗauki hanya. Washegari magini ya koma wani aikin a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo, ya bar yaro ya yayyafa bokiti ɗaya ya tafi. A zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, kafin azahar saman ya bushe ya tsattsage, kai kuwa ba za ka sani ba sai ruwan farko na damina ya ɗigo kan gadonka. Saboda haka ka zauna makon nan. In ya zama dole ka tafi, ka biya mai ban ruwa daban, ka tara yashi a gefen dal ɗin don ruwan ya kwanta. Katakon da ya tokare shi kuma kada a cire kafin mako uku. Magini zai ce maka, Alhaji ai ya kama. Hayar katakon ce ke cinsa.

Na biyu, kuɗi. Kada ka damƙa su duka. Raba su aiki-aiki, ka naɗa wakili, ƙanenka ko wani dattijon maƙwabci, shi ke riƙe makullin ɗakin siminti. Buhuna a ɗora su kan katako, kada su taɓa ƙasa. Duk yamma wakili ya turo bidiyo ta WhatsApp yana zagayawa da wayar, don hoto na ɓoye kusurwar da ba a gama ba. Sai ka gani sannan ka tura kuɗin ta kamfanin Nita ko Amana. Kuɗin turawa bai kai buhu ɗaya da zai yi ƙafa ba.

Na uku, mota. Permi (lasisin tuƙi), kart giris (takardar mota) da asirans (inshora) su zauna kusa da hannu saboda jandarma, da ƴan canjin peyaji, wato kuɗin hanya. Tayar ko-ta-kwana biyu, bido biyu na ruwa, gidan sauro, ƙaramar tukunyar gas. Girki a waje ake yi, ko da iska ake, domin kunna gas cikin rufaffiyar mota kisa ne.

Tafiyar farko ni dai gabas nake so: Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, Takeita, kusan kilomita 240 zuwa Damagaram, in gini ya rikice a wuni ɗaya ka dawo. Yamai ta haura kilomita 600, a bar ta sai an gama. Tashi bayan asuba, ka tsaya kafin magariba. Kwana kuma a cikin gari, a ƙofar mai gari bayan ka yi sallama, ko kusa da shingen jandarma. Wajen Gidan Rumji da Madarunfa, kusa da iyaka, kada dare ya same ka a hanya.

Karo (tayil na daɓe), fenti da wurin makunnin wuta, ka ce a jira ka dawo, don a waya launi ba ya fitowa daidai.