Mai gidan fiya wata, mai wankin mota, mai buga bulo a Zariya: yadda zaka shirya kafin a zo maka kan maganar ruwa

Kwanakin baya ina zaune a wajen buga bulo na wani aminina ta hanyar Dakace, yara na ta kwaɓa siminti, tiyo kuma an yar da shi a ƙasa ruwa na ta malala har bakin titi, sai ga wasu mutum uku da fayil a hannu wai a nuna musu takardar izinin bohol. Aminin nawa ya miƙe ya ce filina ne, da kuɗina na haƙa, man janaretan ma ni nake saya, izinin me kuma? Aka yi ta cacar baki har la'asar. Su waye su, daga wane ofis, wallahi har suka tafi bai tambaya ba, abin da ya fi bani haushi kenan.

Toh Alhaji, maganar "filina ne" bata kai ka ko'ina a doka. Tun 1993 akwai dokar albarkatun ruwa, wadda aka fi sani da doka mai lamba 101 ta zamanin soja, ita ta ɗora ikon duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun gwamnatin tarayya, na sama da na ƙarƙashin ƙasa. Dokar ta bar wa mutum ya ɗebi na sha da girki da wanka da shayar da dabbobi ba tare da biyan ko sisi ba. Amma ranar da ka fara ƙulla ruwan a leda kana sayarwa, ko kana wanke motoci da shi, ko kana da otal mai ɗaki talatin, ka fita daga wannan layin, ka zama ɗan kasuwa. An daɗe ba a bi ta kan kowa ba shi yasa muka ɗauka babu.

Nasan wani zai ce ai ƙudirin ruwan nan ya mutu. Eh, ƙudirin sabuwar dokar albarkatun ruwa ta ƙasa da aka yi ta rigima a kansa zamanin ministan ruwa Suleiman Adamu, wanda ya sha kaye a majalisar dattawa a 2018, aka dawo da shi a 2020 aka janye, ɗan majalisar wakilai Sada Soli ya sake kawo shi a 2022, bai zama doka ba. Gwamnonin kudu da na Binuwai suka ce dabara ce ta ƙwace bakin koguna. Amma kar wannan ya ruɗe ka, mutuwar ƙudirin bata goge tsohuwar dokar ba, kuma tun 2016 aka fitar da ƙa'idojin lasisin amfani da ruwa, hukumar NIWRMC ta Abuja, mai kula da albarkatun ruwa a tarayya, ce ke bayarwa ga masu ɗibar ruwa dan kasuwanci. A 2016 ɗin dai jihar Kaduna ta yi tata dokar, tsohuwar hukumar ruwan famfo ta jiha ta koma KADSWAC wato kamfani mai neman kuɗin shiga, aka kuma kafa wata hukuma daban mai sa ido kan masu samar da ruwa da farashi. Kaga inda aka dosa ai, kowa ya biya daidai abin da ya sha.

Abu na farko da zaka yi, tun kafin ka taka ƙofar wani ofis, ka san lita nawa kake ci a rana. Nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Ka tambayi mai wankin mota a Kwangila zai ce maka "tanki biyu ko uku haka", toh wane irin tanki, mai lita dubu biyu ko mai dubu biyar? Ka sayi ƙaramar mita ka sa filamba ya ɗaura ta a bakin bututun da ya fito daga bohol, kafin ya shiga tanki, ka samu littafi irin na 'yan makaranta ka sa yaro ɗaya amintacce ya riƙa rubuta lambar kullum da safe kafin a tada samo, wato injin da ke jawo ruwa daga cikin bohol. Wata ɗaya kacal zaka sha mamaki. Lissafin ba wuya, lita dubu ita ce kubik mita ɗaya, da ita ake yin bil, jarka 40 kenan irin ta 'yan garuwa mai lita 25. Jakar fiya wata guda leda 20 ce, lita 10, kenan jaka ɗari ita ce kubik mita ɗaya, amma fa wannan wanda ya shiga leda ne kawai, banda wanda injin tacewa ya zubar da na wanke filta da na wanke ƙasa, kuma in injinka irin mai RO ne, wato mai tace har gishirin da ya narke a ruwa, abin da yake zubarwa ba kaɗan bane. Dalilin da yasa na nace akan littafin nan, duk wanda bashi da lamba a hannu ƙiyasi za a yi masa, kuma ban taɓa ganin ƙiyasin da ya faɗo ta gefen mai biya ba. Fom ɗin lasisi ma adadin ruwan da kake ɗiba zai tambaye ka.

Sai takardun bohol. Ka nemi wanda ya haƙa maka ya baka rahoton haƙa, zurfinsa, inda ya samu ruwa, da lita nawa yake bayarwa a awa. Da yawa basa bayarwa sai ka matsa, wasu ma basu rubuta ba. In sabo zaka haƙa kar ka yarda da mai cewa "Alhaji nan da ganin ƙasar akwai ruwa", Zariya akan dutse take zaune, ruwan ƙasanmu a tsagar dutse da ruɓaɓɓen dutse yake maƙalewa, shi yasa maƙwabcinka zai samu kai ka haƙa taku ashirin daga nasa ka tashi da ƙura. Ka biya a yi maka binciken ƙasa tukuna, ga masana a ABU Samaru, ga cibiyar nazarin ruwa ta ƙasa a Mando Kaduna. Kuma ka nisanta bohol ɗin da sokawe da masai aƙalla mita 30, in ba haka ba NAFDAC ma ba zasu saurare ka ba in fiya wata zaka yi.

Yanzu ƙofofin ofisoshin da zaka je, dan mutane na cakuɗa su. In ruwan famfo ka ja, da KADSWAC kake, kaje ofishinsu ka ce a yi maka rajista a matsayin ɗan kasuwa kuma a saka maka mita, kar ka ɓoye a layin gida dan ranar da aka gano bashin baya za a lissafa maka. In bohol ne ko kana jan ruwa kai tsaye daga kogin Galma ko Kubanni da inji, wannan maganar lasisin ɗiba ce, ka rubuta wasiƙa zuwa hukumar sa ido ta jiha da NIWRMC ka faɗi sana'arka da adadin da kake ɗiba, ka ce a gaya maka a rubuce me ya hau kanka. A rubuce fa, kuma ka karɓi kofin da aka buga wa hatimin karɓa. Dan gaskiya tsakanin tarayya da jiha akwai ja-in-ja kan wa ke da ruwan ƙasa, kai kuma bai kamata ka zama ciyawar da giwaye zasu tattake ba, in wani ya zo gobe sai ka zaro takardar ka ce ga abin da aka ce min. NAFDAC nata ingancin abin da mutane zasu sha ne, lambarta bata zama izinin ɗibar ruwa ba, wannan kuskuren masu fiya wata da yawa suna yinsa. Dattin ruwan da kake saki kuma na hukumomin kare muhalli ne, KEPA a jiha da NESREA a tarayya.

Wannan na dattin ruwa an fi raina shi kuma shi yafi saurin jawo a rufe wuri, dan maƙwabta ne ke kai ƙara ba gwamnati ba. Mai wankin mota, ka gina rami mai ɗaki biyu ko uku kafin kwata, yashi ya kwanta a na farko, baƙin mai ya taso sama a na biyu a kwashe, ruwan na ƙarshe ma zaka iya wanke tayoyi da ƙarƙashin mota da shi. Masu rini da masu wanki da guga haka. Bulo biyu da buhun siminti kaɗan ne, bai kai kuɗin zirga-zirgar kotu ba.

Biyan kuɗi kuma, kar ka miƙa wa kowa tsaba a hannu komai kyan rigarsa. Jihar Kaduna ta daɗe da hana karɓar kuɗin gwamnati hannu da hannu. Ka nemi katin shaidarsa, ka ɗauki hoton takardar da ya kawo, ka ce zaka zo ofis da kanka gobe, ka biya ta banki ka ajiye rasit a fayil ɗaya da sauran takardun, ka kuma ɗauke su a waya dan ɓera da damina basu san lasisi ba. In kuna da ƙungiya ku tafi tare, mutum ashirin da wasiƙa ɗaya sun fi mutum ɗaya da ihu.

Wani zai tambaya toh famfo ko bohol, wanne zan riƙe? Ni dai shawarata duka biyun. An kashe maƙudan kuɗi a aikin ruwan Zariya, dam ɗin Galma a Kuzuntu, matatar Shika mai lita miliyan 150 a rana, bankin Musulunci da bankin raya Afirka duk sun sa hannu, Buhari ya zo da kansa a 2019 ya buɗe kashi na biyu, amma duk wanda ke Tudun Wada ko Sabon Gari ko cikin birni yasan famfo na zuwa ne ranar da ya ga dama. Ranar da ya zo ka cika tankunanka da shi ka hutar da janareta, ka zauna ka kwatanta kuɗin kubik mita ɗaya a bil da kuɗin man da samo ke sha kafin ya ɗago lita dubu, sai ka ga wanne yafi maka sauƙi. Bohol ɗin ka barshi na ranar da aka ɗauke, musamman watan Maris da Afrilu lokacin da rijiyoyi ke ja da baya.

Aminin nawa dai ya ɗaura mita sati biyu da suka wuce, ya kuma sa wa tiyon kan famfo mai rufewa. Jiya ya kirani yana faɗa wai ashe kusan rabin ruwan da yake ɗagowa titi yake sha, yanzu yaran ne suke ganin ta kansu.