Yadda nake kama sanarwar hukumomin ilimi a Abuja kafin a rufe ƙofa

Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyarwa a wata firamare ta gwamnati a yankin Gwagwalada, kuma a shekaru shidan farko ban taɓa zuwa bita ko sau ɗaya ba. Na ɗauka sai mai uwa a gindin murhu ake turawa. Akwai hakan, ba zan musa ba. Amma da na yi wa kaina hisabi, sai na ga rabin laifin nawa ne: ko labari ya iso ni an riga an rufe, ko ya iso a kan kari takarduna ba su cika ba.

Ka fara da sanin hanyar da takarda ke bi kafin ta zo hannunka. Abuja ba jiha ba ce, don haka ba mu da SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, irin ta Filato ko Kano. Tamu ita ce FCT-UBEB, mai kula da firamare da ƙaramar sakandare. Babbar sakandare kuwa hukumarta daban. A ƙasa akwai ofishin LEA, wato hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, a kowace ƙaramar hukuma shida: AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Can sama kuma UBEC ce, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wadda dokar 2004 ta ware wa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma cikin kuɗin nan akwai na horar da malamai. To, takardar bita takan taso daga sama, ta sauka wurin sakataren ilimi na LEA, ta je hannun hedimasta, sannan kai. Kowane tebur sai ya ci kwanakinsa. Wa'adin mako biyu yakan iso makaranta saura kwana biyu.

Shi ya sa na daina jira. Duk Litinin bayan an tashi daga asambuli nakan leƙa ofishin hedimasta in ce, "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya? Ko an kawo wata sakula?" Da farko yakan ce, "Malama, ke dai ba kya gajiya." Yanzu kafin in buɗe baki ya miƙo min fayil. Kada ka yarda da "an ce". Nemi takardar kanta, ka ɗauki hotonta da waya, ka duba tambarin hukuma da lambar takarda da kwanan wata da sa hannu. Sau ɗaya a wata kuma ina hawa babur in je ofishin LEA in karanta allon sanarwa da idona. Wakilin ƙungiyar malamai ta NUT na makarantarku ma kada ka raina shi. Zancen ƙarin girma da bashin alawus yakan riga kowa ji.

Zauren WhatsApp na malamai yana da amfani, amma tsintsiya da shara duk a ciki suke. An taɓa turo mana fom wai na horo a ƙasar waje, a biya naira dubu goma sha biyar a asusun wani mutum. Wata abokiyar aikina ta biya, har yau shiru kake ji. Ka'idata ɗaya ce: duk abin da aka turo, sai na nemo shi a shafin hukumar da aka ambata. Shafukan gwamnati galibi da gov.ng suke ƙarewa, kuma hukuma ba ta karɓar kuɗi ta asusun ɗaiɗaikun mutane.

Inda na fi so mu daɗe shi ne maganar fayil, domin nan na sha kashi.

Takardar farko ita ce ta TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993. Tun 2017 sai mutum ya ci jarrabawar da ake yi a kwamfuta kafin a yi masa rajista. Ana kasa malamai rukuni huɗu: D mai NCE, C mai digirin farko, B mai digiri na biyu, A mai na uku. Abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba, satifiket daban, lasisi daban. Lasisin ana sabunta shi duk shekara uku. Wata shekara sunana ya fito cikin waɗanda za su je wani horo na mako guda, har na yi wa yara tanadin wanda zai kwana da su. Da aka zo tantancewa, jami'in ya juya katina ya ce, "Hajiya, wannan ai ya mutu tun bara." Ban da ta cewa. Aka sa wata a gurbina, na koma gida da jakata. Tun ranar na rubuta kwanan watan ƙarewar lasisin da biro a cikin murfin kwabata.

Sai suna. A takardar NCE an rubuta sunan mahaifina Muhammadu, a NIN kuma Mohammed. Mu a baki duk ɗaya ne, kwamfuta kuwa mutum biyu take gani. Ka baje takardunka a tabarma yau ɗin nan ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, suna da ranar haihuwa. In ka ga saɓani, je kotu ka yi takardar rantsuwa tun ba a tambaye ka ba. Ranar haihuwar nan ta ƙara nauyi tun da aka sa hannu a dokar 2022 da ta mayar da ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, maimakon 60 ko 35. Ranar haihuwa biyu a fayil ɗaya rigima ce mai jiran ka a ƙarshen aiki.

Cikin fayil ɗina akwai takardar kama aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma na ƙarshe, takardun makaranta tun daga firamare, takardar albashin wata uku da hoton fasfo takwas. Kowace takarda na yi mata fotokwafi uku. Na kuma kai su shagon kwamfuta a kusa da tasha aka ɗauki hotonsu, na tura wa kaina ta imel, don fom ɗin intanet ba ya jiran ka dawo gida.

Ƙarin karatu kuwa hanyoyinsa a buɗe suke. NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna, wadda ke nan tun 1976, tana da cibiyoyin karatu na ƙarshen mako, har da babbar diflomar koyarwa ta PGDE ga mai digirin da ba na koyarwa ba. Ga Kwalejin Ilimi ta Zuba, ga Jami'ar Abuja a nan kusa da mu, ga NOUN, jami'ar karatu daga gida. Sai dai kafin ka biya ko kwabo, rubuta takardar neman izini ta hannun hedimasta, ka jira amsa a rubuce. Na san malamin da ya gama digiri da guminsa, ya yi ta zarya kafin a lissafa masa shi, don babu takardar izini a fayil ɗinsa.

Kyaututtukan da ake bai wa malamai ranar 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya, ma hujja suke nema, ba yabon baki ba, don haka adana littafin shirin darasi da hotunan ayyukan ɗalibanka.

In Allah ya sa ka je bita, kada ka baro wurin ba satifiket. Washegari ka yi masa kwafi biyu ka kai ofishin LEA: ɗaya a sa a fayil ɗinka, ɗayan kuma magatakarda ya buga masa hatimi da kwanan wata, ka dawo da shi gida.