Yadda za ki sa yaranki su san sunan itace da Hausa a nan Makka

Ranar da abin ya dame ni, muna cikin mota ne za mu Ɗa'ifa, ƙaramar 'yata ta nuna wata tumfafiya a gefen titi ta ce "Umma shufi shajara". Wato da Larabci, Umma dubi itace. Na ce wace shajara? Ta ce shajara dai. A wajenta dabino shajara, darbejiya shajara, tumfafiya ma shajara, duk ɗaya ne kamar fitilun titi, alhali ni da na taso wajen kakata ko a mafarki na ga tumfafiya na san ba a wasa da ruwanta kusa da ido. Tun daga ranar na fara wannan aikin, ga yadda nake yi, wadda ta ga zai mata amfani ta ɗauka.

Ki fara daga kicin, don nan ne daji yake shigowa gidanmu ba mu lura ba. In kin aiki yaro Shara Mansur sayen kayan miya kar ki bar shi ya ce tamar hindi kawai, ki ce tsamiya, ki sa masa a baki ya yamutsa fuska, sannan ki gaya masa itace ce babba mai inuwa mai sanyi wadda mutanen da can suke cewa aljanu na son zama a gindinta. Karkade zoɓo ne, ganyensa yakuwa. Abin da 'yan Sudan ke sayarwa da sunan gongoles 'ya'yan kuka ne, kuma garin miyar da yake sha da tuwo ganyen uwar ne aka shanya aka daka, yarana sun yi mamaki sosai da suka ji abu biyun daga jiki ɗaya suka fito. Dom goruba, lalob aduwa, garad bagaruwa. Larabcin ma a riƙe shi, suna biyu ya fi ɗaya, ni dai abin da ba na so shi ne yaro ya tashi ba shi da ko ɗaya.

Daga nan sai fita. Mutane na cewa ai Makka ba itace sai dutse, wannan magana ta wanda bai duba ba ce. Ki je Arfa a lokacin da ba na aikin Hajji ba, wajen kilomita 20 ne daga gari, filin cike yake da darbejiya, wadda wasu ke cewa dogon yaro wasu maina, asalinta daga Indiya ne amma ta zama 'yar gida a Kano da Sakkwato kamar yadda ta zama a nan. Ki tsinko ganye ɗaya ki ba yaro ya ɗan tauna. Ɗacin nan ba zai manta da sunan ba har ya tsufa. A hanyar Hada kuma, wadda ake hawa zuwa Ɗa'ifa, ga gwaggon biri nan a kan duwatsu suna jiran wanda zai sauke gilashi, kar ki sauke, amma ki faɗi sunan.

Wadda ta fi yi min daɗi ita ce magarya. Yaranmu duk sun haddace Sidratul Muntaha a cikin suratun Najmi a makaranta, sai dai ba su san kakanninsu na cewa magaryar tuƙewa ba, kuma ba su san ganyen sidir ɗin da ake sayarwa wajen masu attara, wato masu sayar da kayan ƙamshi da magungunan gargajiya, wanda ake wankan gawa da shi, shi ne muke kira ganyen magarya ba. Da na sayo nabak na zuba a faranti na ce to ga 'ya'yanta, babban ɗana ya daɗe yana jujjuya ƙwallon a hannu. Manya za su yi miki gardama cewa wannan kurna ce ba magarya ba, ki bar su su yi a gaban yaran, gardamar ma karatu ce.

Sai ki kula da yadda muke magana da kanmu, don Hausa tana ba wa abubuwa jiki irin namu. Muna cewa bakin teku, gindin bishiya, idon ruwa, kan dutse, cikin daji. Gari ya waye, gari ya yi zafi, kalma ɗaya ce da garin da muke zaune. Ƙasa ita ce wadda ake takawa ake shuka a kanta ake binne mutum a ciki, ita ce kuma wadda ake tambaya a fasfo, kuma ɗan ƙasa muke cewa, ɗa fa. Ba sai kin zaunar da su kin yi lacca ba, in kun je Jidda ki ce mu je bakin teku a maimakon kornish, wata rana da kansu za su tambaya wai teku baki gare shi?

Lokutan shekara su ne masu wuya, don a nan daga esi sai esi, ruwa kuma in ya zo sau da yawa a lokacin sanyi yake zuwa. Dabarata ita ce waya. In za su gaisa da dangi a gida ina koya musu su tambayi lokacin, da damina su ce yaya ruwa, a ce musu ruwa ya yi gyara, da hunturu yaya sanyi, a ce lokacinsa ne. Da haka suka san damina da kaka da rani da bazara, har suka gane dalilin da ya sa ake kiran wata gwaggonsu Marka, a tsakiyar ruwa aka haife ta.

Karin magana kar ki ba su ita a bushe. Inuwar giginya na nesa ka sha, ba giginya a nan, sai na tsayar da su a gindin wani dogon dabino da la'asar na ce su nemo inuwar, suka same ta can tsallaken titi. In kun kwana a Ɗa'ifa kuma lokacin sanyi ku ɗan fita bayan gari inda ba fitilu, ki nuna musu Surayya ki ce kaza da 'ya'yanta, ki bar su su ƙirga 'yan tsakin, nawa har yanzu ba su daidaita ba, ɗaya ya ce shida ɗaya ta rantse bakwai ne.